Ana Kiran Muƙala A Kan Ma'anar Kalma: Ina Marubutan Hausa?

Akwai wata irin takarda da ke yawo tsakanin masu ilmi a duniya wadda ba kasafai 'yan ƙungiyarmu kan tsaya su karanta ta har ƙarshe ba, ko da kuwa ta faɗo hannunsu. Ita ce takardar kiran muƙala, wato sanarwar da masu shirya tarurrukan ƙara wa juna sani kan fitar watanni kafin ranar taro, suna neman duk mai wani sabon bincike ya rubuto ya aiko a duba. A da akan manna ta ne a allon sanarwa na jami'o'i, ta wuni ta kwana har rana ta cinye tawadarta. Yanzu kuwa ta wayar hannu take iso mu, wani tsohon ɗalibi ko abokin karatu ya turo, mu dubi kanunta, mu ga Turanci ne mai kauri, mu ce wannan ai ta shaihunan malamai ce, mu wuce. Mu da muke riƙe da alli a makarantun sakandare, da 'yar takardarmu ta difloma a ƙasan akwati, mun daɗe da yarda cewa a wannan fage 'yan kallo ne mu.

To, a cikin waɗannan takardu akwai wani rukuni da muke ganin bai kamata marubucin Hausa ya wuce shi ba tare da ya tsaya ba. Su ne na tarurrukan da ke haɗa kimiyyar harshe da kwamfuta, musamman masu neman bincike a kan yadda na'ura za ta gane ma'anar kalma.

Bari mu ɗan bayyana wa wanda bai taɓa gani ba kamanninsu. Babbar uwar waɗannan tarurruka ita ce ƙungiyar da ake taƙaita sunanta da ACL, wadda aka kafa a Amurka a 1962, lokacin da hankalin masu bincike ke kan fassara da na'ura, kana ta ɗauki sunanta na yanzu a 1968. A ƙarƙashin inuwarta akwai ƙananan tarurruka da yawa, har da wanda aka fara a 2012 a birnin Mantiriyal na Kanada takanas domin sha'anin ma'ana. Sharuɗɗansu kusan iri ɗaya ne. Doguwar muƙala shafi 8 ce, gajera shafi 4, ban da jerin manazarta. Mai muƙala ba zai sa sunansa ba, ba zai kuma bar wata alama da za ta tona ko shi wane ne ba, don masu tantancewa, waɗanda galibi su uku ne, su yi hukunci a kan aikin ba a kan mai shi ba. Wa'adi kuwa akan yanke shi ne da ƙarfe 11:59 na dare bisa agogon yankin da ya fi kowane makara shiga sabuwar rana a duniya, wanda a agogonmu na nan ya kama ƙarfe ɗaya saura minti ɗaya na ranar washegari. Ka ga ko sarkin makara ya sami rarar awa 13. Amma da zarar lokacin ya cika ƙofa ta rufu ke nan, babu zancen "Malam a yi haƙuri, wuta aka ɗauke mana."

Sa'annan sai jerin batutuwan da ake nema: kalma mai ma'ana fiye da ɗaya da yadda za a rarrabe wadda ake nufi, kusancin ma'ana tsakanin kalmomi ko jimloli, adon magana da maganganun da ma'anarsu ba ta cikin kalmominsu, yadda ma'anar kalma ke sauyawa da tafiyar zamani, da kuma harsunan da rubutunsu bai yawaita a intanet ba. Ya kai mai karatu, sake duba wannan jeri da kyau. In ka tuɓe masa rigar Turanci, ashe ba darasin da muke yi da 'yan babban aji biyu ba ne ranar da jadawali ya ce Hausa?

Matsalar ta girmi akasarinmu. Tun a 1949 wani Ba'amurke mai suna Warren Weaver ya rubuta wata takarda ga abokan aikinsa a kan yiwuwar fassara da kwamfuta, inda ya lura cewa in ka keɓe kalma ita kaɗai ba za ka san abin da take nufi ba, sai ka buɗe ido ka ga 'yan kalmomin da ke gabanta da bayanta. A 1986 Michael Lesk ya kawo dabarar amfani da ƙamus: na'ura ta ɗauko duk ma'anonin kalma, ta gwada kowace da bayanin da ƙamus ya yi wa maƙwabtanta a jimla, wadda ta fi yin tarayya da su ita ce amsa. Daga nan sai aka ga kowa yana yabon dabararsa, babu ma'aunin da zai raba gardama. Shi ya sa a 1998 aka shirya wata gasa mai suna Senseval, aka taru a wani tsohon gidan sarauta da ke kudancin Ingila, aka gwada na'urori a kan Ingilishi da Faransanci da Italiyanci. An sake yi a 2001 a Faransa, da 2004 a Sifen, kana a 2007 aka faɗaɗa ta aka sauya mata suna zuwa SemEval, sunan da ta ci gaba da amsawa.

Tsarin gasar ba baƙo ba ne ga malamin makaranta, don jarrabawa ce sak, har da takardar amsoshi a aljihun mai duba. Za a zaɓi kalma, a tara jimloli masu yawa da ta fito a cikinsu, a ba mutane masu jin harshen su sa wa kowace jimla lambar ma'anar da ta dace daga ƙamus. Sai a ɓoye amsoshin, a ba na'urori su cinka, a ba su maki. Abin da ya fi ba mu sha'awa a tarihin gasar shi ne, tun ba a je ko'ina ba aka gano cewa su kansu mutanen da ke sa lambar ba sa haɗuwa a kan amsa ɗaya a lokuta da dama, musamman in ƙamus ya yi wa kalma yankan ƙanana-ƙanana. Adam Kilgarriff, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa gasar, ya riga ya wallafa muƙala a 1997 yana cewa ma'anonin da muke gani a jere a ƙamus, na ɗaya, na biyu, na uku, ba halittu ba ne da aka tarar a ware. Mai ƙamus ne ya yanka su gwargwadon buƙatarsa. Duk wanda ya taɓa zaman daidaita maki kafin a fara duba takardun jarrabawar gama sakandare, ya ga yadda malamai goma kan ba amsa ɗaya maki iri huɗu, ba zai yi musun wannan ba.

Yanzu mu kawo zancen gida. Ɗauki kalmar "ci", 'yar ƙarama, baƙi ɗaya da wasali ɗaya. Yaro ya ci tuwo. Ya ci jarrabawa. Ubansa ya ci zaɓe, kakansa ya ci sarauta, kakan kakansa ya ci gari da yaƙi. Maƙwabcinsu ya ci bashi, ya ci amanar mai kuɗin, da aka yi masa magana ya ci mutuncin ɗan aike, alƙali ya ci shi tara. Kasuwa ta ci ranar Laraba, wuta ta ci rumfuna, rigar ango ta ci yadi goma, amarya ta ci ado, an ci 'yan unguwarmu biyu da nema, mun ci karo da su a hanya, muka ci gaba da tafiya. To, ma'ana nawa ke nan? Cin zaɓe da cin jarrabawa abu ɗaya ne ko biyu? In ɗaya ne, cin sarauta fa, wadda ba a zana mata takarda ba a kuma kaɗa mata ƙuri'a? Cin amana da cin mutunci 'yan ɗaki ɗaya ne, ko kuwa ɗaya ha'inci ne ɗaya wulaƙanci? Mun sha jefa wa ɗalibai wannan tambaya, mun kuma sha jefa wa junanmu ita a ɗakin malamai lokacin tara, ba mu taɓa tashi da adadi ɗaya ba. Malamin lissafi kan ce a rage su zuwa uku a huta, malamin adabi kuwa in bai kai ashirin ba gani yake an cuci kalmar.

Masana ba su bar wannan kalma ta sha iska ba. Philip Jaggar da Malami Buba sun wallafa nazari a 2009 a kan "ci" da "sha", inda suka nuna cewa in an fita daga zancen abinci, "ci" ta fi karkata ga rinjaye da samun galaba, "sha" kuwa ga jure abin da ya auka wa mutum, kamar shan wahala da shan kashi da shan rana. Bayani ne mai gamsarwa, mun kuma amfana da shi a aji. Duk da haka muna jin mutane na cewa ɓarawo ya ci duka, kuma kowa ya san wanda ya ci dukan ba shi ne ya yi galaba ba. Irin wannan gurbi, inda ƙa'ida ta tsaya harshe ya ci gaba da tafiyarsa, nan ne aikin yake.

Wannan duk a baki ke nan. In aka zo rubutu sai wahalar ta ninku, domin rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Kukan da kuka yi a gindin kuka" jimla ce da ɗan firamare zai karanta daidai ba tare da ya san ya yi wani abin kirki ba, alhali kalmomi uku ne mabambanta sanye da riga ɗaya. Garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, farin da ke kashe shuka da farin da ke kan alli, duk haka suke. Sa'annan ga abin da muka jawo da hannunmu tun da wayar hannu ta shigo: zubar da ƙugiyar baƙaƙe da haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Mutum ya rubuta "ya bata suna". Shin ya ba ta suna ne ranar bakwai, aka ci nama aka watse, ko kuwa ya ɓata suna ne, magana tana gaban mai unguwa? Ya rubuta "baki": na magana ne, ko launi, ko waɗanda suka sauka da dare ake neman tabarma? Mu mukan gane saboda mun san mai maganar, mun san abin da ya faru jiya. Na'ura ba ta halarci sunan ba.

Kada kuma mu manta Hausa ba ta tsaya a Kano ba. Basakkwace in ya ce yana jin kwana, barci yake ji. 'Yan'uwanmu na Nijar sun aro kalmar Faransanci ta girmama namiji suna kiran malamin makarantar boko "mushe", abin da in aka rubuta wa ɗan Zariya ba tare da bayani ba zai ɗauka dabbar da ta mutu ba yanka ake nufi. Mu malamai dai mun gode da aka raba mu da wannan laƙabi a wannan ɓangare na iyaka.

To, yaya na'urorin yanzu ke yi da duk wannan? Akasarinsu sun bar hanyar ƙamus. Sun koma ga wata tsohuwar magana ta masanin harshe J. R. Firth na Landan, wanda a 1957 ya nuna cewa ana gane kalma ne ta abokan zamanta. Bahaushe ya riga shi, da ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A 2013 Tomas Mikolov da abokan aikinsa a kamfanin Google suka fito da hanya mai sauri ta mayar da kowace kalma jerin lambobi, ta yadda kalmomin da suka saba zama cikin maƙwabta iri ɗaya lambobinsu za su kusanci juna. In na'ura ta ga "gero" da "dawa" kullum tare da shuka da girbi da rumbu, sai ta ajiye su kusa, ba tare da ta taɓa ganin zangarniya ba. Daga 2018 aka ƙara gaba, aka sami na'urorin da ke ba kalma lambobi daban-daban gwargwadon jimlar da ta fito a ciki, wato "ci" ta tuwo da "ci" ta zaɓe ba za su zama ɗaya ba. A kan wannan tushe aka gina na'urorin hira da suka cika duniya tun ƙarshen 2022.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan na'ura ba ta da wata ma'ana sai wadda ta tsinta a cikin abin da ta karanta. Saboda haka tambayar da ta dame mu ita ce: wace Hausa ta karanta? Abin da ya fi samuwa a intanet shi ne labaran gidajen rediyon ƙetare da jaridu, da Wikipedia, da fassarar littattafan addini, da gajerun saƙonnin da matasa ke jefa wa juna. Ba mu raina ko ɗaya ba. Sai dai Hausar labarai, duk da ƙwarewar masu yin ta, yawancinta fassara ce da aka yi cikin gaggawa kafin lokacin shiri ya yi, kuma duniyarta ta gwamnati ce da zaɓe da hari da farashin mai. A can "ci" za ta yi ta cin zaɓe da cin zarafi da cin hanci. Ina Hausar tsakar gida? Ina habaicin kishiya, da zaurancen 'yammata a dandali, da maganar fada, da cinikin 'yan kwarami, da yadda uwa ke kauce wa sunan ɗan fari? Wannan Hausa a rubuce take, amma a cikin littattafanmu: tun daga na su Abubakar Imam har zuwa ɗimbin littattafan da suka ɓarke a Kano daga shekarun 1980, na su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da sauran ɗaruruwan da ba a kirga ba. Da yawansu an buga su ne a takarda mai araha, ta yi ja, gara ta ci rabonta, kuma ainihin rubutun da aka kai maɗaba'a ya ɓace. Na baya-bayan nan da ake rubutawa a waya suna nan birjik, amma akasari babu ƙugiya babu rabon kalma.

Ba mu ce babu wanda ya amsa kira ba, kuma zalunci ne a yi wannan magana ba a ambaci waɗanda suka amsa ba. A 2022 wasu matasan masana, cikinsu har da Shamsuddeen Hassan Muhammad da Ibrahim Sa'id Ahmad na Jami'ar Bayero da Idris Abdulmumin na Jami'ar Ahmadu Bello, suka gabatar da wani aiki mai suna NaijaSenti a wani taro a birnin Marsai na Faransa. Sun tattara saƙonnin Twitter wajen 30,000 a kowane ɗaya daga harsuna huɗu, Hausa da Ibo da Yarabanci da Turancin buroka, suka sa masu jin harshen suka yi wa kowane saƙo alama: na yabo ne, na suka ne, ko kuwa tsaka-tsaki. A 2023 suka faɗaɗa aikin tare da abokansu na wasu ƙasashe ya zama AfriSenti, mai saƙonni fiye da 110,000 a harsunan Afirka 14, kuma ya shiga gasar SemEval ta wannan shekara, wadda aka kammala a Toronto. Wato masu bincike daga ƙasashe daban-daban, waɗanda ba su san ko "sannu" ba, suka zauna suna gasar wa na'urarsa za ta fi gane fushin Bahaushe da farin cikinsa. A 2024 ma Hausa ta sake shiga, a wata gasa ta auna kusancin ma'ana tsakanin jimloli biyu. Wannan abin alfahari ne, kuma ba a kan gado suka same shi ba.

Amma fa a nan ne muke ganin gurbinmu a buɗe. Yabo, suka, tsaka-tsaki: kwando uku ke nan. A wane kwando za a jefa "Ka kyauta!" in uwa ce ta faɗa wa yaron da ya fasa tulu? "Sannu da aiki" da ake ce wa wanda aka tarar yana barci a bakin aiki fa? Matasa kan zagi abokinsu da kalmar da in dattijo ya ji zai toshe kunne, alhali yabon gwaninta suke yi. Gatse da habaici da ba'a da zambo ba ƙawa ba ce a Hausa, su ne rabin zancen. Masu wannan bincike sun san haka sarai, don su ma Hausawa ne, shi ya sa ba a barin mutum ɗaya ya yi alama shi kaɗai. Sai dai wa ya fi cancanta ya zauna a wannan kujera ta alƙalanci, in ba wanda ya share shekaru yana auna kalma kafin ya sa ta a bakin tauraruwar labarinsa ba, ko wanda ya tsufa yana jan layi da jan biro a ƙarƙashin insha'in yara?

Abin da ke hana mu kusantar waɗannan tarurruka ba ɓoyayye ba ne. Muƙala a kan ma'anar kalmar Hausa dole da Turanci za a rubuta ta, kuma ba Turancin aji ba, na lissafi da jadawali. Kuɗin rajista da dala ake biya, ga jirgi, ga masauki, ga bizar da sau da yawa kan gagari masu binciken Afirka ko da an karɓi aikinsu. Albashin malamin sakandare ko hanyar filin jirgi ba zai kai shi ba. A gefe guda kuma sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu a Kano da Zariya da Sakkwato suna nasu tarurrukan, suna karɓar muƙala da Hausa, da tsakurenta da komai, kuma a can ne waɗanda suka san nahawu da adabi suke. A ganinmu zaure biyu ne aka gina suna kallon juna, masu na'ura a ɗaya, masu harshe a ɗaya, zirga-zirga tsakaninsu ba ta kai yadda ya kamata ba, mu marubuta kuwa muna waje a kan dakali.

Wani zai ce to ina ruwan biri da gada, su yi ta gasarsu mana. Ruwanmu yana cikin aji. Tun da Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa a ƙarshen 2013, musamman kuma da na'urorin hira suka zo, mun fara ganin ɗalibi yana kawo ma'anar karin magana daga wayar yayansa, a rubuce tsaf, da Hausa mai kama da Hausa, amma an ɗauki habaici an mai da shi yabo. In ka gyara masa sai ya dube ka da ladabi, irin duban da ke cewa Malam ya tsufa. A da in gardama ta tashi a kan kalma akan ce a ɗauko Bargery, ƙamusun nan na 1934 mai kalmomi wajen 39,000 wanda mai shi ya yi shekaru yana yawo ƙasar Hausa yana tambayar mutane, ko na Abraham, ko kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, wanda ya bayyana Hausa da Hausa. Waɗannan ko ka ƙi hukuncinsu ka san wanda ya yanke shi, ka san inda za ka kai ƙara. Yaran da ke gabanmu yanzu wani alƙali suke tambaya, kuma a waɗancan tarurruka ne ake koya masa shari'a.

Akwai abin tunawa a tarihinmu. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga yana neman a rubuto ƙagaggun labarai da Hausar boko, abin da ba a saba ba. Shi ma kira ne daga baƙo, da sharuɗɗan baƙo. Cikin waɗanda suka amsa akwai Abubakar Imam, yana malamin makarantar Midil ta Katsina, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma malamin makaranta a Bauci. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Babu mai digiri a cikinsu a lokacin.

Ba muna cewa kowane ɗan ƙungiya ya tashi ya rubuta shafi 8 da Turanci ba. Irin waɗannan muƙalu ai ba mutum ɗaya ke rubuta su ba; sau da yawa za ka ga sunaye goma ko ashirin a kan guda, kuma ƙungiyar Masakhane, wadda masu binciken harsunan Afirka suka kafa a 2019, ta yi suna wajen sa sunan duk wanda ya ba da gudummawa ta haƙiƙa, ko da ba ma'aikacin jami'a ba ne. Gasar SemEval kanta tana fara wa ne da kiran a kawo shawarar abin da za a yi gasa a kai, kafin a kira masu fafatawa. Me zai hana reshen ƙungiyarmu ya nemi waɗancan matasa na Bayero da Zariya, ya ce ga mu da littattafai, ga mu da kunne, a shirya gasa a kan habaici, ko a kan "ci" da "sha", da jimlolin da aka ciro daga adabi ba daga saƙon waya kaɗai ba?

Sai dai akwai ƙulli guda da ba za mu ɓoye ba, kuma mun san zai raba kan 'yan ƙungiya. Littafin da marubuciya ta sayar da awakinta ta buga, in aka zuba shi cikin rumbun da kowa zai ɗiba kyauta, har da manyan kamfanonin da za su gina na'ura su sayar, mene ne rabonta? Wasunmu na ganin a ba da kawai, don in Hausar littafi ba ta shiga ba Hausar waya ce za ta zama ita ce Hausa. Wasu na ganin an daɗe ana cin guminmu, daga masu satar bugu zuwa masu karanta littafi a rediyo ba izini, ba za a ƙara da wannan ba. Mu dai ra'ayinmu shi ne a shiga, amma da takarda a rubuce: wane littafi, shafi nawa, don wane aiki, sunan wa zai fito, kuma in kuɗi ya shigo ta ina zai bi. Jimloli ɗari biyar da aka tsamo daga littattafai hamsin da izinin masu su ba za su hana kowa ciniki ba, kuma sun isa a fara.

Muna roƙon sakataren reshe ya sa wannan batu cikin ajandar zama mai zuwa. Kafin nan, duk mai zuwa ya buɗe littafinsa, bugagge ko wanda ke cikin jaka, ya tsamo jimla goma da kalmar "sha" ta fito a ciki, ya rubuta su da ƙugiyarsu da rabon kalmominsu, ya bar fili a gefen kowace. Za mu karkasa su a tsakaninmu, kowa ya rubuta abin da ya fahimta ba tare da ya leƙa na maƙwabcinsa ba, sa'annan mu kirga mu ga a jimla nawa bakinmu ya zo ɗaya.